Littattafan Hana Barci: Tarihin Labaran Ban Tsoro da Sarƙaƙiya a Ƙofar Gidanmu

Duk wanda aka yanke wa cibi a Tudun Jukun ya san Gaskiya, domin da sunanta muke yi wa baƙo kwatance. Sai dai kaɗan ne daga cikinmu, musamman 'yan'uwa mazauna Legas da Abuja da Fatakwal, suke tuna cewa mafi yawan ƙagaggun labaran da Bahaushe ya karanta a rubutun boko kafin shekarun 1980 daga wannan maƙwabciya tamu suka fito. Cikinsu har da irin labaran nan masu sa gaban mai karatu ya riƙa faɗuwa, na ɓarayi da bokaye da aljannu da kisan da ba a san wanda ya yi ba, waɗanda iyayenmu kan kira littattafan ƙarya.

Asalin abin ya faro ne daga Hukumar Fassara, wadda aka kafa a 1929, daga baya aka dawo da ita Zariya ta zama Hukumar Talifi a ƙarƙashin Dokta Rupert East. A 1933 hukumar ta shirya gasar ƙaga labari, aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Tun a nan aljannu suka shigo cikin ɗab'i, don kuwa Alhaji Imam bai kai ga ruwan da yake nema ba sai da taimakonsu, Ganɗoki kuma har ƙasashensu ya shiga.

Amma a ganinmu, littafin da ya cancanci a kira shi kakan labaran sarƙaƙiya na Hausa shi ne na biyar ɗinsu, wato Jiki Magayi, wanda ɗan ƙasarmu John Tafida na Wusasa ya rubuta tare da East. Labari ne na saurayi Abubakar da attajiri Malam Shaihu ya ƙwace wa budurwarsa Zainabu da ƙarfin dukiya. Abubakar ya bar gari, ya shiga uwa duniya neman asirin da zai rama da shi, asirin kuwa ya faɗa kan ɗan da aka haifa, yaron ya tashi ɓarawo, har ya kashe mahaifinsa ba tare da ya san ko wane ne ba. Mai karatu ya hango masifar tun daga nesa, yana gani tana matsowa shafi bayan shafi, ba shi da ikon tare ta. Marubutan Turawa sun daɗe suna cin abinci da wannan dabara, ga shi an yi ta da Hausa tun shekarun 1930, ba a kuma ɗauko ko da bindiga ɗaya ba.

Shi kansa Magana Jari Ce, wanda Imam ya zauna a Zariya ya rubuta a 1936, a kan zullumi aka gina littafinsa na farko. Waziri ya ƙulla makirci, ɗan sarki Musa yana son ya fita, aku kuma ba shi da makamin tsare shi sai labari. Idan labari ya ƙare kafin gari ya waye, an halaka. Mun karanta shi a aji muna dariya, ba mu lura cewa ran mutum ne a hannun tsuntsu ba.

A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a nan Tudun Wada, ya ci gaba da buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a 1939. Daga nan sai Hukumar NORLA a zamanin Yaƙi da Jahilci, wadda ta rufe a 1959, sannan kamfanin NNPC a 1966. A tsakanin waɗannan shekaru aka fitar da Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, wanda tushensa wani jarumi ne na tatsuniyoyin Rasha, da Da'u Fataken Dare na Tanko Zango, da Tauraruwar Hamada na Sa'idu Ahmed Daura, da Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, inda aka ɗauki yaro Kilba aka kai shi sararin samaniya. Wannan na ƙarshe a 1969 ya fito, shekarar da mutanen Amurka suka sauka a kan wata.

To, a shekarun 1970 wani baƙo ya shigo gari. Zariya gari ne na ɗalibai: ga Kwalejin Barewa da ta dawo nan a 1949, ga Kongo, ga Samaru. Cikin akwatunan ɗaliban nan James Hadley Chase ya iso unguwanninmu. Baturen Ingila ne, ya rasu a 1985 bayan ya rubuta littattafai kusan 90, kuma abin mamaki, Amurkar da yake ba da labarin 'yan fashinta da 'yan sandan cikinta bai zauna a cikinta ba. Da taswira da ƙamus na karin maganar Amurkawa ya soma aikin. Littafi ɗaya yakan zaga unguwa har bangonsa ya cire, kuma da yake hoton bangon ba na nuna wa iyaye ba ne, akan naɗe shi da takardar jarida. Malamai sun yi faɗa, sun ƙwace, amma da yawa daga cikin waɗanda suka zama lauyoyi da 'yan jarida da manyan ma'aikata a cikinmu za su shaida cewa Turancinsu a nan ya nuna. A 1977 kuma kamfanin Macmillan ya soma jerin Pacesetters, inda Mohammed Sule na Kano ya fito da The Undesirable Element, muka ga ashe irin wannan labari yana iya faruwa a titunan Arewa.

Hausa ba ta daɗe ba ta mayar da martani. A 1982, bayan wata gasa ta Hukumar Al'adu ta Tarayya, NNPC ya buga Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, a kan fasa-ƙwauri da cin hanci, da kuma Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare. Wanda ya karanta na biyun ba zai manta da Mailoma ba. Ƙasar da ke cikin littafin tamu ce ta bayan Yaƙin Basasa, makamai sun yi yawa a hannu, ƙwaya ta shigo, rai ya yi arha. A wancan lokaci an ɗauka marubucin ya zuzuta abin ƙwarai. Wanda ya bi hanyar Birnin Gwari a 'yan shekarun nan ba zai faɗi haka ba.

Daga nan tauraruwar Zariya a wannan fage ta soma dusashewa. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, takarda ta yi tsada, littattafan waje suka gagari ɗalibi, manyan kamfanoni suka koma ga littattafan makaranta. Sai matasan Kano suka shiga buga nasu da kuɗin aljihunsu. An fi sanin wannan zamani da soyayya, har aka laƙaba masa suna Adabin Kasuwar Kano, amma wannan rabin labarin ne. Bala Anas Babinlata ya riƙe fagen bincike da 'yan damfara, Nazir Adam Salih da Maje El-Hajeej Hotoro suka riƙe na tsafi da aljannu, Abdul'aziz Sani Madakin Gini ya riƙe na yaƙi. Motocin Kano ke kawo mana su, masu shagunan haya su ba da na kwana ɗaya, marubutan kuma su yanke labari a daidai inda wuƙa ta kai wuya, su ce a tara a littafi na biyu. Dabarar aku ce ta dawo, sai dai wannan karon da farashi.

Masu sukar waɗannan littattafai suna da hujjarsu, domin akwai waɗanda suka cusa batsa, akwai waɗanda suka kambama boka fiye da kima. Duk da haka mun shaida cewa matan aure da 'yan koyon sana'a da yawa da suka bar makaranta da wuri ba su manta da karatun boko ba, saboda son su ji yadda za a ƙare.

A yau labaran sun koma cikin waya, ana tura su ta WhatsApp, ana sauraren su a YouTube. 'Ya'yanmu da suka tashi a birane kuwa, da yawansu suna jin Hausa a baki, amma idan aka miƙa musu shafi sai su tsaya a kan ƙ da ɗ suna kallo, alhali sun haddace Harry Potter. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta daina fitowa. Tsofaffin kofen Jiki Magayi da Ƙarshen Alewa Ƙasa suna nan cikin adaka da kwali a ɗakunan iyayenmu a Tudun Jukun, gara da ɗigar damina suna rage musu shafuka, kuma na ƙarshe, inda ake warware ƙullin, shi ne yakan fara tafiya.