Tsarin Jagorancin Aikin Gaggawa na ICS

ICS tsari ne da jami'an kashe gobara na Amurka ke bi wajen tafiyar da aiki a inda bala'i ya auku. Asalinsa shirin FIRESCOPE ne na jihar Kaliforniya, wanda aka kafa bayan mummunar gobarar daji ta 1970, inda rashin haɗin kan hukumomi ya ƙara yawan asara. A 2004 gwamnatin tarayya ta sanya shi cikin tsarinta na ƙasa, NIMS.

Kwamanda ne ke riƙe da ragama, da sassa huɗu a ƙarƙashinsa: aiki, tsare-tsare, kayan aiki, da kuɗi. Shugaba ɗaya yakan kula da mutum 3 zuwa 7.

Idan za a miƙa ragama, kwamanda mai sauka yakan yi wa magajinsa bayani da takardar ICS 201, mai ɗauke da taswirar wurin, halin da ake ciki, manufofi, da kayan da aka nema. Motoci da ma'aikatan da suka iso sai sun yi rajista, su jira umarni a wurin da aka keɓe, domin a san inda kowa yake.