2.3 Mujallun Finafinan Dodanni a Ƙasar Amurka (1958 zuwa 1983)

A wannan kaso za a duba yadda mujallun finafinan dodanni suka samu a ƙasar Amurka, da irin aikin da suka yi wajen adana tarihin finafinan tsoro. Abubuwa biyu ne suka share musu hanya. Na farko shi ne dokar da masu buga littattafan zane-zane na yara suka ɗora wa kansu a shekarar 1954, wadda ta hana su kawo labaran masu shan jini da mutanen da kan rikiɗa su zama kyarkeci. Na biyu kuwa ya faru ne a shekarar 1957, lokacin da kamfanin Screen Gems ya rarraba wa gidajen talabijin tsofaffin finafinan kamfanin Universal guda 52, ciki har da Dracula da Frankenstein na shekarar 1931. Ke nan yara sun rasa dodanni a takarda, sai kuma ga su sun shigo musu har cikin ɗaki.

A cikin wannan yanayi ne James Warren ya buga mujallar Famous Monsters of Filmland a shekarar 1958, Forrest J Ackerman kuma shi ne edita. Da yake mujallar hotuna ce, waccan doka ba ta hau kanta ba. Salon Ackerman na raha ne da wasa da kalmomi, abin da ya sa manya suka riƙa yi mata kallon kayan yara. A ra'ayin mai wannan nazari, wannan kallo bai yi mata adalci ba. A wancan zamani babu kaset ɗin bidiyo, saboda haka idan fim ya bar gidan sinima, sai mai sa'a ke sake ganin sa. Ta hanyar hotunan da Ackerman ya tara ne yara suka san Lon Chaney, ɗan wasan da ya rasu tun 1930, har suka san fim ɗinsa London After Midnight na 1927, wanda kwafinsa na ƙarshe da aka sani ya ƙone a gobarar ma'ajin kamfanin MGM a shekarun 1960. Wato dai mai karatu kan san kamannin dodo da sunan wanda ya tsara masa fuska, alhali bai taɓa ganin fim ɗin ba.

Shafin masu karatu ma ya taka rawa. Joe Dante yana matashi mujallar ta buga masa rubutu a shekarar 1962, daga baya shi ne ya ba da umarnin fim ɗin Gremlins a 1984. Haka kuma a 1965 Warren ya buga ɗan littafin Dick Smith mai koyar da kwalliyar mayar da fuska ta dodo, wanda masu wannan sana'a da dama suka fara koyo daga gare shi.

An samu masu gogayya, kamar Castle of Frankenstein ta Calvin Beck (1962 zuwa 1975), wadda ta fi zurfafa sharhi. Amma wadda ta ƙwace kasuwar ita ce Fangoria, da ta fito a 1979 tana nuna jini da sara ƙarara, daidai da finafinan lokacin. Famous Monsters ta tsaya a shekarar 1983 bayan fitowa ta 191. An sake farfaɗo da ita a 1993, sai dai saɓani ya shiga tsakanin Ackerman da sabon mawallafin, har maganar ta kai su gaban kotu.