Tekun da ya bar mana duwatsun Adar

Idan muka zo koyar da tarihin Adar a lakwal, mukan fara da Agabba, ɗan Sarkin Agadas, wanda ya ci ƙasar a 1674. Ni kuwa ina ganin akwai babin da ya riga wannan, kuma yana nan rubuce a jikin tsaunukan Kaita da Buza.

Kusan shekaru miliyan 60 da suka wuce, inda Tawa take a yau teku ne. Ruwa marar zurfi ya ratso Sahara daga arewa, ya malale har ƙasar Sakkwato. Halittun ruwa masu ɓawo suna mutuwa, ɓawonsu yana taruwa wani bisa wani, har ya dunƙule ya zama dutsen farar ƙasa. Da tekun ya janye, yashi da marmara suka rufe shi. Daga baya ruwan sama ya yi ta zaizaya, ya haƙa kwaruruka irin na Majiya, ya tone abin da ke binne. Shi ya sa yaro makiyayi kan tsinci katantanwar teku da ta zama dutse, alhali tsakaninsa da gaɓar teku akwai fiye da kilomita 800.

Wannan labari ba namu ba ne mu kaɗai. Ƙololuwar Everest, mai tsawon mita 8,849, ita ma dutsen farar ƙasa ce da aka haifa a ƙarƙashin teku. Can, ƙasar Indiya ce ta yi karo da Asiya, ta ɗaga shi sama. Namu bai gamu da irin wannan karo ba, don haka ya tsaya a shimfiɗe kamar tabarmi.

Wannan dutse ne ya sa aka kafa masana'antar siminti a Malbaza a shekarun 1960, da ta Kalambaina kusa da Sakkwato. Ke nan ɗakin ajin da aka gina da simintin Malbaza, da ɓawon halittun teku aka gina shi.

Malamai da iyaye, abin da ke damuna shi ne yaranmu suna haddace sunayen tsaunukan Turai, ba su san abin da suke takawa ba. Ku sa su kawo farin dutse, ku daka, ku matsa masa lemun tsami. Idan ya yi kumfa, ku tambaye su daga ina ya fito, ku bar su su yi gardama kafin ku ba su amsa.