Riƙon Sandar Garaya: Tarihin da Ba Mu Rubuta Ba

Masu iya magana na cewa kowane allazi da nasa amanu. Mu marubuta namu amanun shi ne gaggawa. Da mun kawo makaɗi cikin labari sai mu ce "ya ɗauki garaya ya kaɗa", mu wuce, alhali a riƙon nan kaɗai akwai tarihi mai tsawo.

Mu ɗauki ƙasar Tambuwal da Kebbe a kudancin Jihar Sakkwato. Tambuwal ribaɗi ne na Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu, wato gari ne da ya tashi a hannun masu jihadi. Malaman jihadin 1804 sun yi rubuce-rubuce a kan kiɗa, inda suka sassauta wa gangar yaƙi da ta biki, suka tsananta wa kayan tsarkiya irin su molo da goge. Veit Erlmann ya tattara ra'ayoyin nasu a littafinsa na 1986. Fadoji sun rungumi taushi da kotso, garaya kuwa ta zauna wurin mafarauta da 'yan bori a ƙauyuka. Masu alƙalami sun rubuta hukuncin garaya, amma ba su rubuta yadda ake riƙe ta ba. Wannan ilimi daga hannu zuwa hannu ya taho.

To, yaya riƙon yake? Sandar garaya da ta molo da ta gurmi mulmulalliya ce, kuma da fata ake ɗaure tsarkiya a jikinta. Makaɗi kan zauna ya jingina ƙoƙon a cikinsa ko a cinya, sandar ta ɗaga ta hagu, ta kwanta tsakanin babban yatsa da manuni. Jiki ne ke ɗaukar nauyin, domin yatsu su sami sakewa. Wanda ya damƙe sanda kamar ƙotar fartanya, hannunsa zai sage tun waƙa ba ta yi nisa ba. Babu wata alama a jikin sandar da ke nuna inda za a danna, sai dai kunne ya gaya wa yatsa. Idan murya ta kauce, sai a matsar da ɗaurin fatar sama ko ƙasa.

Jitar Turawa dabam take. Wuyanta shimfiɗaɗɗe ne mai ƙananan ƙarafa a gicciye, tsarkiyarta shida, shi ya sa ake koya wa ɗalibi ya sa babban yatsa a bayan wuyan, ya lanƙwasa sauran. Su sun rubuta nasu: Fernando Sor, mutumin Sifen, ya fitar da littafin koyon jita a 1830, har yau ana amfani da shi. Ali Farka Toure na Mali, wanda ya rasu a 2006, da abin kiɗa mai tsarkiya ɗaya ya fara, ya kwashi wannan hannu ya kai kan jita, duniya ta saurare shi.

Mu fa? David Ames da Anthony King sun tattara sunayen kayan kiɗanmu a 1971. Ɗan Maraya Jos ya rasu a 2015, muna da muryarsa da amon kuntiginsa a faifai, haka ma gurmin Haruna Uji. Sai dai faifai ba ya nuna inda babban yatsa ya zauna.

Saboda haka muna kira ga 'yan ƙungiya, musamman na Tambuwal da Dogondaji da Jabo da Kebbe da Kuci, duk wanda ke da tsohon makaɗin garaya ko molo a garinsu ya je ya zauna gabansa da takarda. Ya dubi zamansa, ya tambayi sunan kowane sashe da bakin Sakkwatanci, ya rubuta wanda ya koya masa da inda ya koya. Shafi biyu sun isa, kuma ƙofar wannan mujalla a buɗe take.