Kasuwar tsofaffin katunan besbol a Amurka: daga kwalin sigari zuwa gaban kotu

A ƙarshen mako, a garuruwa da dama na Amurka, akan karɓi hayar zauren otal, ko na coci, ko na ƙungiyar tsofaffin sojoji, a jera tebura, dillalai su baje kolin ƙananan katuna masu hotunan ’yan wasan besbol, wasan nan da ake dukan ƙaramar ƙwallo da gora. Kowane dillali yakan biya kuɗin teburinsa, masu saye kuma su yi ta tonon akwatuna, ana tayi ana cewa albarka. Galibi katin da aka buga kafin 1980 shi ake kira tsoho a wannan harka.

Asalin katunan talla ne. Kamfanonin taba ne suka riƙa cusa su cikin kwalin sigari, kuma tsakanin 1909 da 1911 kamfanin American Tobacco ya fitar da jerin da ake kira T206. An dakatar da buga katin Honus Wagner na ƙungiyar Pittsburgh Pirates tun da wuri, shi ya sa kaɗan suka rage. An sayar da guda a kan dala miliyan 7.25 a 2022. Daga baya masu cingam suka gaji harkar. Katin Mickey Mantle da Topps ya buga a 1952 ya kai dala miliyan 12.6 a gwanjon watan Agustan 2022, alhali mai shi dala 50,000 ya saye shi a 1991.

Ƙarancin kati da lafiyarsa su ke sa masa daraja. Yaran da suka mallaki na farko wasa suka yi da su, har da maƙala su a ƙafar keke, iyaye kuma suka watsar da sauran. Da jama'a suka farga suka fara adanawa a ƙarshen shekarun 1980, kamfanoni suka buga su jingim, shi ya sa yawancin na wannan zamani ba su da wani kuɗin kirki a yau.

Akwai kamfanoni irin su PSA da SGC da ke duba kusurwoyin kati, da gefensa, da daidaiton hoton, su ba shi maki daga 1 zuwa 10, su rufe shi cikin roba. Maki guda kan iya ninka farashi, kuma mai katin ne ke biyan kuɗin dubawar, abin da ya isa a sa wa ido. Katin farko da PSA ya tantance a 1991 na Wagner ne, wanda Wayne Gretzky da Bruce McNall suka saya dala 451,000. Ya samu maki 8. A 2013 dillali Bill Mastro ya amsa a kotun tarayya da ke Chicago cewa ya taɓa datse gefen katin don ya yi kyau, ya kuma amsa laifin zamba da ya haɗa da sa ’yan kore su cika farashi a gwanjonsa. An yanke masa ɗaurin wata 20 a 2015. Kafin nan katin ya riga ya kai dala miliyan 2.8 a 2007.

A ƙananan kasuwanni, da yawa daga katunan ba a tantance su ba, don haka idon mai saye ne hujjarsa. Gogaggu kan zo da gilashin ƙara girma da abin awo, domin tun 1957 ma'aunin katin Topps inci biyu da rabi ne a faɗi, uku da rabi a tsawo. Wanda ya gaza haka, da alama reza ta bi ta kansa. Masu jabu kuma kan jiƙa sabon bugu da shayi ko gahawa don ya yi kama da tsoho. Kafin a biya, akan ciro waya a duba nawa aka sayar da irinsa kwanan nan a eBay, sannan a koma kan tayi.