Shaidar Tsofaffin Kuɗin Roma

'Yan'uwa, masu tara tsofaffin kuɗin tagulla na Roma suna riƙe da tarihin ikkilisiya a tafin hannunsu. Sarki Diyokiletiyan, wanda ya fito da sabon kuɗin tagulla wajen shekara ta 294, shi ne ya ta da babban tsanani a kan masu bi a 303. A 313 Sarki Konstantin ya ba Kirista 'yancin sujada, duk da haka kuɗinsa ya ƙara shekaru ɗauke da hoton gunkin rana. Sai wajen 327 aka buga wani mai tuta da harufan farko na sunan Kristi, sandar tutar ta soke maciji. Sannu ba ta hana zuwa. Mu yi haƙuri da sababbin tuba, kada mu kore su.