Yadda 'yan Meziko suka zama 'yan gida a Amurka, da abin da suka biya

1/ Duk zaɓen Amurka sai kun ji ana maganar katanga da korar baƙin haure daga Meziko. Ni dai da na bi tarihin, abin da na gani shi ne: in ana buƙatar ƙarfinsu a kira su, in buƙata ta biya a ce su tafi. Ku biyo ni a hankali.

2/ Mu fara da 1848. Bayan yaƙin Amurka da Meziko aka sa hannu a yarjejeniyar Guadalupe Hidalgo, Meziko ta rasa kusan rabin ƙasarta. Kalifoniya, Nebada, Yuta da mafi yawan Arizona da New Mexico suka koma hannun Amurka. Mutanen da ke can ba su yi hijira ba, suna zaune a gidajensu aka canja musu ƙasa. Shi ya sa har yau kuke jin Los Angeles da San Francisco, sunayen Sifaniyanci ne.

3/ Daga 1910 juyin juya hali ya ɓarke a Meziko, jama'a suka yi ta tsallakowa arewa, gonaki da layin dogo suka karɓe su hannu bibbiyu. Da tattalin arziki ya karye a 1929 sai labari ya sha bamban. A shekarun 1930 an tisa ƙeyar dubban ɗaruruwa zuwa Meziko, da yawansu haifaffun Amurka ne. Sai a 2005 jihar Kalifoniya ta nemi afuwa.

4/ Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, samari sun tafi fagen fama, babu masu girbi. A 1942 Amurka ta ƙulla shirin Bracero da Meziko. Sunan daga kalmar Sifaniyanci ta "hannu" ya fito, wato mai aikin ƙarfi. Ci-rani ne da takarda: ka zo ka yi kwantiragi, ka koma gida.

5/ Zuwa 1964 da aka rufe shirin, an ba da kwantiragi wajen miliyan 4.6. A bakin iyaka ana yi wa leburorin feshin DDT kafin su shiga. A shekarun farko ana cire kashi 10 cikin 100 na ladansu, wai ajiya ce za su karɓa a Meziko. Da yawa har suka mutu ba su ga ko sisi ba.

6/ To waɗanda suka zauna fa, yaya suka saba da sabuwar ƙasa? A nan ne makaranta ta shigo. A Texas da Kalifoniya ana ware wa yaransu makarantu daban, ana kuma hukunta yaro in an ji shi yana Sifaniyanci. Iyaye da yawa suka daina yi wa 'ya'yansu yaren a gida, don kar su sha irin wahalar da su suka sha.

7/ Wasu kuma suka ce ba za ta saɓu ba. A garin Westminster na Kalifoniya an hana wata yarinya, Sylvia Mendez, shiga makarantar farar fata, alhali an yarda a ɗauki 'ya'yan gwaggonta masu hasken fata. A 1945 mahaifinta Gonzalo da wasu iyalai 4 suka shigar da ƙara.

8/ Sun yi nasara a 1946, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 1947. A shekarar gwamna Earl Warren ya sa hannu a dokar da ta soke wariya a makarantun jihar. Shi ɗin ne dai ya zama alƙalin alƙalai, ya jagoranci hukuncin 1954 da ya haramta wariyar a makarantun gwamnati na duk Amurka.

9/ Gwagwarmaya ba ta tsaya nan ba. A 1962 Cesar Chavez da Dolores Huerta suka kafa ƙungiyar leburorin gona. A 1968 dubban ɗalibai a gabashin Los Angeles suka fice daga aji, cikin buƙatunsu har da koyarwa da harsuna biyu. A 1986 Shugaba Reagan ya sa hannu a dokar da ta ba wa mutum kusan miliyan 2.7 takardun zama.

10/ Ƙidayar 2020 ta nuna 'yan asalin Latin sun kai miliyan 62, kusan kashi 19 cikin 100 na Amurkawa, kuma fiye da rabinsu tushensu Meziko ne. Abincinsu ya shiga kowane gari, waƙoƙinsu na tashe, suna da tashoshin talbijin irin su Univision, 'yan siyasa na rububin ƙuri'arsu.

11/ Amma ga inda ya fi tsaya mini a rai. Kaka tana jin Sifaniyanci kaɗai, uwa tana jin biyu, jika kuma sau da yawa Turanci kawai. Gida ɗaya, sai an nemo tafinta tsakanin kaka da jikanta. A ganina wannan ne kuɗin shiga mafi tsada da suka biya, kuma shi ya sa yau za ka ga matasansu suna komawa aji suna koyon yaren da aka taɓa dukan kakanninsu a kansa.

12/ Masu 'yan uwa a ƙasashen waje, ku faɗa min: 'ya'yansu da wane harshe suke gaishe ku a waya?